Azumin da Aka Tambaye Ni Ƙafar Dogo

Azumin bana bai ba ni wahala ba, har kunyar faɗa nake ji. Cikin sanyi ya zo. Ina zaune a gidan 'yata Saudatu a nan unguwar Al-Khalidiyya ta Madina, na'ura tana hura mini iska, ruwa yana firij, har a kira magariba leɓena bai bushe ba. Ranar nan da la'asar jikokina maza biyu suka cika falo da hayaniya a kan waya. Na ce wa ya mutu? Suka ce babu, wai kocin wata ƙasa ne ya ajiye ɗan wasansa mafi gudu a ƙwallon zari-ruga, ya ɗauki wani. Ɗaya na cewa kocin ya yi daidai, ɗaya na cewa a kore shi. Ina yi musu Hausa suna mayar mini da Larabci, kamar kullum.

Na ce, "Ku da a gilashi kawai kuka san wasan nan? Ni da kuke gani na taɓa ajiye ɗan wasa."

Suka fashe da dariya. Babban ya ce tsohuwa ta fara ruɗewa, a kawo mata dabino tun kafin lokaci. Na ce uwarka ce ta ruɗe. Daga nan na kira uwar tasu, na ce Saudatu ɗauko abin rubutu. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Kuma labarin yayanki ne. Kina ƙarama lokacin, abin da aka gaya miki ba shi ne ya faru ba.

Shekarun nan ne da azumi ya faɗo tsakiyar zafi, daidai nunar dabino. Muna Harra ta Yamma, a gidan dutse mai ɗaki biyu da rufin kwano. Duk wanda bai taka baƙaƙen duwatsun Harra da tsakar rana ba, kada ya yi mini zancen zafi. Dutsen nan yana shan rana tun hantsi, ya riƙe ta, har bayan magariba in ka dafa bango sai ka janye hannu. Iskar samum in ta taso kamar an buɗe maka bakin tanda. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa. Famfon unguwa ya yi kwana biyu bai kawo ruwa ba, rana ta uku ya kawo mai zafi kamar na wankan jego. Baba Adamu, wani dattijo ɗan Chadi, shi ke kawo mana garwa biyu a kafaɗa, da su za a sha, a dafa, a yi alwala, abin da ya rage a jiƙa zane a lulluɓa. Zanen nan kafin ka gama tasbihi ya bushe ƙamas.

Malam Sule, maigidana, ya rasu da shekara biyu a lokacin. Ina sayar da soyayyar gyaɗa da dafaffen wake a gindin dutsen Uhudu, wajen masu ziyara. To zafin nan ya kori baƙi. Sai in wuni tiren yana nan yadda na kawo shi, in dawo da shi, shi ne miyar gida. Mu gida huɗu muke haɗuwa mu sayi ƙanƙara guda, a naɗe ta a buhu, a fasa ta da taɓarya gab da shan ruwa, kowa ya ɗauki rabonsa a kwano yana gudu kada ta narke. Girki ma tare muke yi, a tsakar gidana, don ni ce mai inuwar bango. Wata tana markaɗen wake, wata tana naɗe sambusa, wata tana dama kunu. Ba ma yawan magana kafin la'asar, yawu ba ya isa. In igwa ta buga daga kan dutse, sai ka ji unguwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai maƙogwaro. Dabino sabon nuna uku, ruwan randa, gutsuren burodin shuraik mai riɗi a dangwala a duƙƙa, garin yajin nan na Madina. Wallahi ban ƙara cin abin da ya kai wannan daɗi ba, duk da abin da kuke jerawa a tebur yanzu.

Amma ba da gyaɗa aka san ni ba. Tabawa mai ɗori, haka ake kirana daga Harra har Uhudu. Gadon gidanmu ne. Babana bai haifi namiji ba, ni ya koya wa. Da reshen dabino nake karan ɗori, da tsumma, da man shanu, da abin da ake tofawa. Larabawa da motocinsu sun sha tsayawa a ƙofar gidan nan na dutse. In na taɓa ƙashi na ce ya kama, ya kama. In na ce bai kama ba, likita ma sai ya sake dubawa. Ba a taɓa mayar mini da magana a kan ƙashi ba, kuma ina ji da wannan, ba zan ɓoye ba.

Yayanki shi ne ɗana na fari. Sunansa ba ya fita a bakina, har yau da ba ya duniya. Dogo 'yan unguwa ke ce masa, ni ma da shi zan kira shi a nan. A hanya na haife shi, a gonakin auduga na Sudan, muna tahowa. Shi kuma Yaya yake ce mini, don haka ya ji ƙannena suna faɗa. Mu haka muka tashi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a tsaya masa a gaban mutane. In an yabe shi a gabanki, ki kushe. In ya yi faɗa da ɗan wata, naki za ki mara. Macen da ta ce ɗana kaza, ɗana kaza, sai a yi ta nuna ta da baki har ta mutu.

Damuwarmu a kansa ɗaya ce, takarda. Da ya wuce shekarun yaro sunansa ya fita daga iƙamar ubansa, wato takardar zamansa, uban kuma ya rasu. Yana neman kafili, wato wanda zai tsaya masa ya ɗauke shi aiki a yi masa takardar zama, bai samu ba. Dako yake yi a kasuwar dabino, ido ɗaya a kan buhu, ɗaya a kan hanya. Ko da yaushe za a iya kama shi a mayar da shi ƙasar da bai taɓa gani ba.

To akwai wani ɗalibi a jami'ar Musulunci, Ustaz Faruƙ, mutumin Afirka ta Kudu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa ɗaya a murɗe kamar ganyen da wuta ta lasa. A ƙasarsu wai zari-ruga suke yi tun suna yara. Shi ya zo da ƙwallon nan mai kama da ƙwan jimina da aka ja, ya tara samarinmu a wani fili mai tsakuwa bayan rumfunan Uhudu. Da farko dariya muka yi. Ƙarti su dafa kafaɗar juna su sunkuya suna ture-ture kamar raguna, wani ya zari ƙwallo ya ruga, a bi shi a kayar. Kuma wai ba a jefa wa na gaba, sai na baya. Baba Adamu ya ce wannan wasan masu gudun bashi ne. Amma yaran sun so shi.

Daga inda nake kasa tirena ina hango filin. Ban taɓa juyawa na kalla sosai ba, kada a ce ina kallon ɗana. Ta wutsiyar ido nake gani. Kuma na gani. In ƙwallon nan ta shiga hannun Dogo a gefen fili, sai dai ƙura. Yana gudu yana karkacewa kamar ba ƙashi a ƙugunsa. Sai in sunkuyar da kai in yi ta gyara gyaɗar da ba ta buƙatar gyara.

Wata huɗu kafin azumi wani ya faɗo masa a ƙafa, ƙashin sama da idon sawu ya karye. Ni na ɗora. Ban taɓa yin ɗori mai kyan wannan ba. Kwana arba'in na kwance, na bi ƙashin da babban yatsa daga sama har ƙasa, sumul, ko tudu babu. Kafin Sha'aban ya ƙare yana ɗaukar buhu biyu. Ki rubuta wannan da kyau: ƙafar ta warke.

Farkon azumi Ustaz ya zo da labari. Wani kamfani a Yanbu, can bakin teku, Turawansa suna da ƙungiyar zari-ruga, za su kara da wasu da za su zo daga wata ƙasar Larabawa bayan salla, kuma mutanensu ba su cika ba. Wani abokin Ustaz da ke aiki can ya ce ya kawo samari biyar. Wanda duk aka ɗauka, kamfanin zai ba shi aiki, ya zama kafilinsa. Kin ji inda maganar take. Ga sauran yara wasa ne da albashi. Ga Dogo zama ne a garin da ya girma, kusa da kabarin ubansa.

Huɗu ba a yi musu a kansu ba, manyan ƙarti ne masu ture-turen gaba. Na biyar, mai gudun gefe, shi ne rigima: ko Dogo, ko Isa ɗan Hajiya Zainabu. Hajiya Zainabu maƙwabciyata ce, Bahaushiyar Sudan, da ita muke raba ƙanƙara. Isa yaron kirki ne, a nan aka haife shi, ubansa na da rai, takardarsa lafiya lau. Bai kai Dogo gudu ba, amma in ya riƙe mutum sai ya kai shi ƙasa, kuma ƙwallo ba ta suɓuce masa.

Unguwa ta rabu biyu. Mutanen da wata shida baya ba su san ƙwallon ba, kowa ya zama malami. Maza suna shan ruwa a tabarma ɗaya a bakin lungu, muna jin su ta kan katanga. Malam Garba mai ɗinki, mutumin Kano, shi ne na Dogo.

"Ku dai ku ji tsoron Allah. Yaron nan in ya zara, wa ke kama shi? Ko motar Baba Adamu ba ta kama shi."

"Ina na ga mota, ɗan nema?" in ji Baba Adamu. "Ni da garwa nake. Kuma Turawan nan kowane kamar bijimi, na gan su a Jidda. Ɗaya ya zauna a kan Dogonka, sai dai a kwaso shi a buhu. Isa ake so, mai jiki."

"Ai sai sun kama shi za su zauna a kansa."

"To ƙafar fa? Ƙafar da ta taɓa karyewa?"

"Wa ya ɗora ta? Ka je ka gaya wa Tabawa ɗorinta bai kama ba, in ka isa."

Sai dariya. Wani ya ce Ustaz ba ya son 'yan Kano, wani ya ce a'a, 'yan Sudan ne ba ya so, wani ya ce tun farko ma bai iya koyarwa ba, yana sa yara gudu da azumi a baki. Shi kuwa bawan Allah sa'a ɗaya kawai yake yi da su kafin magariba, yana tsaye da ɗan littafinsa, leɓensa a tsage kamar na kowa.

Ranar ashirin ga wata, bayan la'asar, muna tsakar gida mu shida, mai yana ƙara a kasko, aka yi sallama. Ustaz ne. Ya tsaya daga bakin zaure, ya sunkuyar da kai. Larabcinsa na littafi, nawa na kasuwa, amma mun ji juna sarai. Kada wani ya ce ban gane tambayar ba.

Ya kira ni Khala, wato inna da Larabci, ya ce, "Khala, an ce mini duk Madina babu wanda ya san ƙashi kamarki. Gobe zan aika sunaye. Ina son ɗanki, ban taɓa koyar da mai gudunsa ba. Amma ina tsoron in kai shi a sake karya shi. Ke kika ɗora ƙafar. Ta warke?"

Hannuwa suka tsaya. Mai naɗe sambusa ta tsaya, mai dama kunu ta tsaya. Hajiya Zainabu tana tsugune a gaban kasko da matsami a hannu, ba ta ɗago ba, amma na san kunnenta yana wajena. Ita ce ta taɓa cewa, a wajen wani suna, wai matan Kano da suka zo Madina sun bar kunyarsu a jirgin ruwa. Shekara uku maganar nan tana cina.

Da na ce masa, "Wancan ragon? Allah dai ya shirya," na yi shiru, da na sauke abin da al'ada ta ɗora mini, kuma da mata sun gane, da wani ya fassara masa. Iyakar abin da ake nema ga uwa ke nan. Amma ban tsaya nan ba. Na gyara zama, na ɗaga murya yadda ta bayan katanga ma za ta ji.

Na ce, "Ustaz, ƙafar da ta karye ta karye. Ni na ɗora ta, na san abin da ke ciki. Tafiya dai za ta yi, dako za ta yi. In gudu kake nema, ga ɗan Hajiya Zainabu nan, lafiyayye."

Ya ce, "Kin tabbata, Khala?"

Na ce, "A kan ƙashi ake tambayata ko na tabbata?"

Ya yi godiya ya tafi. Shi mutumin wata ƙasa ne, a wajensu in uwa ta faɗi aibin ɗanta, to aibin ya kai. Kuma ba uwa ya tambaya ba, mai ɗori ya tambaya. Na sani. Na ɗauki bakin sana'ata na yi kunya da shi.

Yana fita tsakar gida ta ɗauka. "Kai, Tabawa! Yau mun ga Bahaushiya." "Wallahi ko a gida sai an tona kafin a sami irinki." Hajiya Zainabu ta share ido da gefen mayafi, ta tsamo ƙosai mafi girma ta ajiye a kwanona. Ba zan yi miki ƙarya ba, Saudatu, daɗi na ji. Har igwa ta buga ina jin kaina kamar an naɗa mini sarauta. Sai da na kai dabino baki na ga Dogo ya shigo ya ɗauki kwanonsa, ya gaishe ni kamar kullum, bai dube ni ba. Labari ya riga shi zuwa lungu.

Malam Garba bai haƙura ba. Washegari ya rufe shago ya tafi har jami'a cikin ranar nan, ya zaunar da Ustaz ya yi masa bayanin ɗan fari tun daga tushe. Da ya dawo ya tsaya a zaurena, hularsa jiƙe da gumi.

"Hajiya, kin kusa kashe yaron nan da kunya. Amma na gyara. Ustaz ya ce bai gane al'adar da uwa za ta rushe ɗanta ba, amma zai jinkirta sunaye. Ranar ashirin da bakwai za a gwada su, shi da Isa, a gaban kowa. Wanda ya yi, shi ke nan."

Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Malam Sule ne ya aike ni, daga kabari. Ke dai ki yi masa addu'a."

Kin ga Allah ya buɗe ƙofa. Ba sai na je wajen kowa ba, ba sai na janye magana ba. Yaro zai yi gudu, a gani, a ɗauke shi. Amma kwana shidan nan ni ba ƙofar nake gani ba. Abin da nake gani shi ne, in ya yi gudun nan a gaban unguwa, ɗayan biyu ne. Ko a ce Tabawa ta yi ƙarya da azumi a bakinta, a kan ƙashi. Ko a ce Tabawa ta tsufa, ba ta san ɗorin da ya kama ba. Kuma matan da suka yabe ni za su ce ashe wasa ne suka shirya da ɗanta. Ina soya gyaɗa ina wannan lissafi, ina salla ina wannan lissafi. Zafi ya ƙaru a kwanakin, har tsuntsaye suna faɗowa daga kan waya. Na ce zafi ne ya hana ni sukuni.

Ranar ashirin da bakwai da hantsi ina tankaɗe, ya fito daga ɗaki da takalman wasansa a hannu, na roba ne da ya ɗinke da zare. Daga ni sai shi a gidan. Ke kina makarantar allo. Babu Hajiya Zainabu, babu kowa. Wannan nake so ki rubuta, don kada a ce idon mutane ne.

Ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "Yaya."

Na ce, "Mhm."

"Ƙafar nan. In taka ta?"

Kalma ɗaya ce. Taka. Ko kai na gyaɗa ya isa. Na ci gaba da buga rariya, gari yana tashi yana manne mini a gumi.

Na ce, "Kai ka san ƙafarka."

Ya ce, "To," ya tashi.

Da la'asar filin nan ya cika, har masu rumfuna sun bar kayansu. Ina wajen tirena. Ustaz ya ja layi da ƙafa a tsakuwa, ya ba kowannensu ƙwallo, ya ce daga nan zuwa wancan dutse, a dawo. Ranar na juya na kalla, gaba ɗaya, ban damu da wa ya gan ni ba.

Suka tashi. Taku goma na farko Dogo ya ba shi rata kamar Isa a tsaye yake. Malam Garba ya cire hula yana ihu da busasshen maƙogwaro. Sai na ga yaron nan ya waiwayo wajen rumfuna, sau ɗaya. Daga nan ya fara ɗingishi. Ya ja ƙafar, ya dafa gwiwa, ya ƙarasa da tafiya. Isa ya wuce shi ya je ya dawo.

Ni na san ɗingishin ciwo. Mai ciwon ƙashi ba ya yarda diddige ya taɓa ƙasa. Shi da diddigen yake takawa. Duk filin nan mutum ɗaya ne ya san ƙarya ce, ni, sai shi da ya yi ta.

Baba Adamu ya ce, "Ba na gaya muku ba? Tabawa ba ta faɗuwa a kan ƙashi." Mutane suka yi ta juyowa suna kallona da girmamawa. Malam Garba ya mayar da hularsa, ya wuce ta gabana. Har ya bar duniya gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ustaz ya dafa kafaɗar Dogo, ya zo har wajen tirena ya ce, "Khala, ki yafe mini da na yi shakka. Kin ceci ƙafar ɗanki." Na ce babu komai.

Kwana uku bayan salla mota ta zo ta kwashi su biyar. Dogo ne ya ɗaukar wa Isa jaka har bakin titi, yana ɗingishi. Bai daina ba. Daga ranar nan, in dai a lungu ne ko a kasuwa, da ɗingishi yake tafiya. A kasuwar dabino suka rage ba shi kaya, wa zai ɗora wa gurgu buhu biyu? Ni kuwa sana'ata ta ƙara suna. Har daga unguwar Ƙuba ake kawo mini karaya, ana cewa matar nan ko a kan ɗanta ba ta ɓoye gaskiya. Ina karɓa ina ɗorawa. Yana shigowa gida, in ya rufe ƙofa, sai ya miƙe ya taka lafiya ya wuce ɗaki. Ban taɓa cewa ya daina ba. Bai taɓa cewa don me ba.

Isa ya yi shekara talatin a kamfanin nan. Wasan ma an ce an cinye su, bai taɓa ƙwallo sau uku ba, amma wa ya damu. Ya gina wa uwarsa gida. Ba na jin haushinsa, bai ɗauki abin kowa ba, ni na miƙa masa.

Bayan aikin hajji na shekarar kamen marasa takarda ya yi tsanani. Dogo ya yi wata guda bai leƙa titi ba. Rannan ya ce mini gara ya tafi da kansa a kan a ɗauke shi a bayan mota. Wani alhaji mutumin Gaya zai koma, ya yarda ya kai shi wajen ƙanin ubansa. Can Dogo ya zauna, ya yi noma, ya yi aure, ya haifi 'ya'yan da kika sani a hoto. Sau ɗaya ya dawo, hajji, da furfura a gemunsa. Mun yi kwana tara a gida ɗaya, mun yi zancen ruwan sama, da farashin gero, da waɗanda suka mutu. Ke aka gaya miki ciwon ƙafa ne ya hana shi aiki ya koma gida. Ni na gaya miki haka.

Ranar da zai bar Madina da alhajin nan, da safe ne. Unguwa ta fito sallama, ya bi su ɗaya ɗaya, yana jan ƙafa, mata suna cewa Allah ya ba da lafiya. Uwa ba ta raka ɗan fari, don haka na tsaya a zaure. Da suka watse na ɗauki mayafi na bi ta bayan gidaje, ta kan duwatsu, har inda lungu ya haɗu da babban titi. Ban san me zan ce masa ba. Wataƙila ba zan ce komai ba.

Ya makara wajen gaishe-gaishe. Yana isowa bakin titi motar Jidda ta riga ta tashi, alhajin yana leƙowa ta taga yana ɗaga hannu. Dogo ya waiwaya lungu, ya ga babu kowa. Bai gan ni ba, ina bayan wani dutse. Sai ya matse ƙullin kayansa a ƙirji da hannu ɗaya, ya zuba da gudu.

Saudatu, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Motar ta yi nisa, ta fara ɗaukar wuta, ya bi ta a kan kwalta mai zafi, ƙafafun nan biyu suna sauka daidai, babu wadda ta fi wata. Ya cim mata kafin kwana, ya kama ƙarfen ƙofa ya haye.

Ɗorin ya yi kyau. Ni kaɗai na gani.